Ƙotar Dona Deolinda

A Mirandela, inda titi ke gangarawa kogin Tua,
nan shagona yake: ƙofa ɗaya, taga ɗaya,
da injin murza itace da ya girme ni da shekara shida.

Ran Talata ta shigo, baƙin mayafi, jakar leda,
ta zazzage kwarashi tara a kan teburina
kamar mai zubar da ƙayar kifi.
“Amílcar,” ta ce, “bakinsu lafiya lau.
Jikinsu ne ya yi mini siriri.”
Ta buɗe hannu, na ga aikin sanyin ƙashi:
kowace gaɓa ta ƙulle,
babban yatsa ya karkace, ya ba 'yan'uwansa baya.

Ƙota ɗaya take so, baki tara,
ta kwance wannan ta ɗaura wancan,
na zaren leshi, na ulu mai kauri,
hannun dai kada ya san an yi canji.

Na ɗauko guntun zaitun
daga gonar Belmiro da gobarar bara ta lashe.
Waje gawayi.
Ciki ruwan zuma ne da baƙaƙen jijiyoyi,
kamar wuta ta fara wasiƙa, aka kira ta.

Na huda shi tun yana da kusurwa huɗu,
don rami in ya kauce da faɗin gashi
ƙugiya za ta riƙa kallon gefe har abada.
Na dasa tagulla mai haƙora a ciki,
na ɗaura shi a inji.
Itace ya yi ta zubar da rigunansa,
shagon ya cika da ƙanshin man da bai kai ga zama ba.
Samfefa mai kaushi, samfefa mai laushi, kakin zuma.
Na ɗaga shi ga taga.
Wallahi na yaba wa kaina.

Kwana uku ta dawo da shi.
“Kyakkyawa ne,” ta ce. “Sai a rataye a bango.
Ka yi wa idonka, ba ka yi wa hannuna ba.
Santsi gare shi kamar alkawarin surukina.”

Na yi shiru. Shekara arba'in ina sassaƙa.

Sai ta ciro curin ƙullun burodi daga jaka,
ta damƙe shi, ta runtse ido, ta saki.
Ga shi nan duka:
kwarin babban yatsa, tudun tafi,
da ɗan gurbin da ƙaramin yatsa ke fakewa in ciwo ya taso.
“Ga awonka,” ta ce.

Na kashe inji.
Abin da ke juyawa da'ira kawai ya sani,
hannun mutum kuwa ba da'ira ba ne.
Da wuƙa da magagari na bi sawun ƙullun,
ina ɓata abin da na gyara,
dare biyu, rediyo na ta maganar farashin dizal.
Ƙotar ta fito a karkace, ƙusumbi a gefe,
kamar dankalin da ya girma tsakanin duwatsu.

Ta karɓa. Ba ta duba ba.
Ta murɗa lamba huɗu, ta ja ulu ja,
madauki ya shiga madauki,
bakinta na ƙirga a ɓoye.
Bargon jikanta ne, wanda aka haifa a Lyon,
wanda hoto kawai ta taɓa runguma.
Layi biyu ta yi a tsaye kafin ta tuna da ni.

Kuɗin ta biya cif, har da tsaba.
Amma da sanyi ya shigo
na tarar da ƙunshi a bakin ƙofa:
riguna uku na ulu, ƙanana, ja da toka,
daidai ƙotar wuƙata da magagarina biyu.

Ban taɓa gaya mata ba.
Ashe ranar da na miƙa mata ƙotar
ta ga yadda nawa yatsun ke rawa.